Gonarka Tana Da Hoto Kuwa?

 Ina gaishe da 'yan'uwa na Abu Hujar da Wad Nayyal da Jalgani, da na Sinja da Suki da Mai Wurno, da mazauna ƙauyukan Jazira, har zuwa Damazin da Rusairis, da kuma waɗanda ƙaddara ta kai su wasu garuruwa ba da son ransu ba. Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, amin.

A wannan watan zancen ɗaukar hoto zan yi. Na san wani zai ce, "Haba Malam, mutane na fama da tsadar dawa da kuɗin magani, kai kuma sai ka kawo mana zancen hoto, aikin samari da 'yan birni?" To, a yi mini haƙuri a bi ni zuwa ƙarshe, domin hoton da nake nufi daban yake da na kwalliyar Salla. Hoton ƙasa nake nufi, wato hoton gona da bakin kogi da kurmi da hanyar shanu da makwantar kakanninmu.

Kowane magidanci ya gwada wannan a gidansa. Ya buɗe akwatin ƙarfen nan da ake ajiye takardu, ya zazzage hotunan da ke ciki, sa'an nan ya karɓi wayar ɗansa ya duba nata. Zai ga hoton fasfo na katin shaida, da na ɗaurin aure, da na Alhaji ranar dawowa daga Makka, da wanda aka ɗauka a ɗakin mai hoto a Sinja ko Wad Madani, mutum ya sha babbar riga, bayansa labule mai zanen wani birni da bai taɓa zuwa ba. A wayar yaro kuwa fuskarsa ce da ta abokansa sau ɗari. Amma gonar da ta ciyar da gidan shekara hamsin ko sittin, da rumbu, da kwalekwalen da aka yi su da shi har aka aurar da 'ya'ya, da wuya a sami hotonsu ko guda. Dalili kuwa a fili yake. Mun ɗauki gona wurin wahala, hoto kuwa abin ado, saboda haka ba ma haɗa su. Kuma abin da ido ke gani kullum, zuciya takan ɗauka zai dawwama.

Wasu sun riga mu ɗaukar hoton wannan yanki, amma abin da ya dame su suka ɗauka. Tsakanin 1911 da 1914 wani attajirin Bature mai sana'ar magunguna, Henry Wellcome, ya sa aka yi tonon kayan tarihi a Jabal Moya, yamma da Sinnar, inda aka tono kaburbura kusan 3,000. Don a ga wurin daga sama, har kyamara suka ɗaura wa irin abin nan na ƙyalle da sanduna da ake sakar wa zare iska ta ɗaga shi, kuma ana lissafa wannan cikin farkon hotunan da aka ɗauka daga sama a aikin tonon tarihi. A 1924 an tsinci wani tsohon ƙoƙon kan mutum a gaɓar kogi a Sinja, wanda masana suka ce ya haura shekara 100,000, yana can ajiye a Landan. Abu Hujar ɗin nan tamu ma sunanta ya shiga littattafan masana saboda ƙasusuwan namun daji na zamanin da da aka samu a gaɓarta. Gwamnatin Turawa ta ɗauki hoton madatsar Sinnar da aka gama a 1925, da magudanan ruwan Jazira, da tarin audugar da ake lodawa a jirgin ƙasa. Dubban irin waɗannan hotuna suna ɗakin ajiyar tarihin Sudan na Jami'ar Durham a Ingila, wanda aka kafa a 1957.

To ina mu a ciki? Kakanninmu sun biyo hanyar gabas tun da daɗewa da niyyar aikin Hajji. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har suka sauka bakin wannan kogi, aka kafa garin Mai Wurno a 1906. Daga baya ƙauyuka suka yi ta tsirowa kudu da arewa. Mutanenmu sun sare daji, sun yi noma, sun tsinci auduga a Jazira, sun shiga ruwa da taru da koma. Amma in ka ga ɗayansu a tsohon hoto, galibi yana can gefe a sunkuye cikin gonar auduga, ba sunansa, ba sunan ƙauyensa. Mai kyamara ba dominsa ya zo ba. Mu dubi mutanen Atbara. Allah ya ba su Rashid Mahdi, wanda ya yi shekaru da dama yana ɗaukar hoton mutanen garin da ma'aikatan jirgin ƙasa, ya kuma rasu a 2008. Yau duk mai son sanin yadda Atbara take a da, yana da abin dubawa. Mu a ƙauyukanmu ba mu sami irinsa ba, kuma ba wanda zai taso daga nesa ya yi mana.

A da muna da uzuri. Kyamara tana da tsada, fim yana da tsada, ga shi hoto 24 ko 36 kaɗai yake ɗauka, sa'an nan sai an kai birni an wanke. Yanzu kuwa da wuya ka sami unguwar da ba wayar da ke ɗaukar hoto, kuma ko dubu ka ɗauka ba wanda zai ce ka biya. Uzuri ya ƙare ke nan.

Abin da ya sa nake ganin lamarin na gaggawa ne shi ne, ƙasar nan tana sāke kama a gaban idonmu. Mu fara da kogi. An gama madatsar Rusairis a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 a 2013, tafkin ya faɗaɗa, ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka, aka kwashe mutane aka zaunar da su a sababbin garuruwa waɗanda ake kira da lamba maimakon suna. Tambayi wanda aka tasa, ko yana da hoton tsohon masallacinsu ko na itacen da ake zaman fada a gindinsa? Duk suna ƙarƙashin ruwa. Can sama kuma Habasha ta fara gina babbar madatsarta a 2011, ta fara tara ruwa a 2020, aka yi bikin buɗe ta a Satumba 2025, kuma tafkinta na iya ɗaukar ruwa kubik mita biliyan 74. Madatsa irin wannan takan riƙe laka, ta rage ƙarfin cikowar damina, ta ƙara ruwan rani. Noman bakin kogi da muke kira jarif, da bugun bulon ƙasa, da kurmin bagaruwa da Larabawa ke ce wa sunut, duk sun dogara ne a kan kogi ya cika ya bar laka ya janye. Yaron da aka haifa bana ba lalle ba ne ya ga kogin da ubansa ya sani. In ba mu ɗauka ba, da me za mu nuna masa?

Haka abin yake a tudu. Dattawa sukan ba da labarin dajin da ke yamma da mu, wajen Dali da Mazmum, mai cike da dushe da dakwara da aduwa, wanda mutum ba ya shigarsa shi kaɗai. Manyan gonakin tarakta na dawa da riɗi sun cinye mafi yawansa, masu gawayi sun bi saura, burtalin makiyaya ya ƙuntata, abin da ke jawo rigima tsakanin manomi da mai dabba kusan kowace kaka. In dattijo ya ce wa saurayi nan da kurmi ne, saurayi yakan yi murmushi kawai, yana ganin tsufa ne. Da akwai hoto da ba gardama, gani ya kori ji.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan zafi. A watan Yuli 2022 rikici ya tashi a jihar Nil Azrak tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu, tushensa kuwa maganar ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Oktoba a Wad al-Mahi. An rasa ɗaruruwan rayuka, dubban mutane suka bar gidajensu, da yawa suka iso jihar Sinnar da abin da ke jikinsu kaɗai. Ba a gama share hawaye ba sai ga yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023. Ya ci Wad Madani a Disamba na wannan shekara, ya iso Sinja a ƙarshen Yuni 2024, kuma mutanen Jalgani ba za su manta da watan Agusta na 2024 ba. Sojan gwamnati sun koma Sinja a Nuwamba 2024, suka koma Madani a Janairu 2025. Waɗanda suka dawo gida, wasu sun tarar an ƙone, wasu sun tarar ciyawa ta rufe iyakar gona, dattijon da ya san inda iyakar take kuwa ya rasu a wurin gudun hijira. Na zauna da mutanen da suka baro ƙauyukansu a 2022, na ga yadda uba ke zana wa 'ya'yansa fasalin gidansu da tsinke a ƙasa, yana cewa nan rijiya take, nan kuka take, yaran suna kallonsa kamar mai tatsuniya.

Kada a fahimce ni a karkace. Hoto ba takardar mallakar ƙasa ba ce, kuma ba zai maye gurbin rajista a ofishin filaye ko shaidar dattawa ba. Wanda ke da halin yi wa gonarsa takarda ya yi, kada ya tsaya. Amma hoton da ke nuna gona da kukar da ke kusurwarta da ranar da aka ɗauka, yana taimakon mai shaida ya tuna, yana kuma rage gardama tsakanin magada. Ba kuma ina cewa mu tara hotuna don mu yi wa maƙwabta gori ba ne. Wanda ya ɗauki hoton kasuwar ƙauyensu da gaskiya, zai ga Bahaushe da Bafillace da Balarabe da mutumin Funj duk a inuwa ɗaya suna ciniki, kuma wannan ma shaida ce da jikokinmu da nasu ke bukatar gani. Game da masu ƙyamar hoto saboda addini, ina girmama ra'ayinsu, amma saɓanin malamai a kan surar mai rai yake. Itace da kogi da gona ba su cikin wannan saɓani.

To yanzu bari mu zo kan yadda ake yi, domin na ga samari da yawa sun gwada, hoton ya fito fari fat ko baƙi ƙirin, suka ce laifin waya ne. Mafi yawan lokaci laifin sa'ar da aka fita ne.

Na farko, haske. Ranar ƙasar nan tana da ƙarfi, da tsakar rana takan wanke launin komai, sama ta yi fari, gona ta yi toka-toka. Lokacin hoto shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa gab da magariba. A sa'an nan haske yana zuwa a kwance, kowace kunya tana da inuwarta, har tsagewar baƙar lakar nan tamu ta bazara takan fito sarai. Ka bar rana a bayan kafaɗarka ko a gefenka. Mu da ke gaɓar yamma, kamar Abu Hujar da Sinja, in muna son hoton kogi da tsallakensa, da yamma za mu fita, domin da safe rana tana cikin idonmu. Mutanen Suki da Karkoj da ke gaɓar gabas, nasu lokacin safiya ne. Ranar da hadari ya haɗu a damina, ko bayan an ɗauke ruwa iska ta wanke, ita ce ranar da launin shuka ke fitowa fiye da kullum.

Na biyu, tsayuwa. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, musamman Jazira, saboda haka in ka tsaya a ƙasa ka ɗauka, abin da za ka samu layi ɗaya ne, sama a bisa ƙasa a ƙasa. Nemi abin hawa: gaɓar magudanar ruwa, ko bakin hafir, ko bayan mota, ko saman karo, ko suri. Ɗagowar kamu huɗu ma takan buɗe gona gaba ɗaya. Ka kwantar da wayar a kwance, ka riƙe da hannu biyu, ka tabbatar layin da sama ta haɗu da ƙasa bai karkace ba, don kada kogi ya yi kamar zai zube. Kada ka sa wannan layi a tsakiya. In gona kake son nunawa, ba ta kashi biyu cikin uku, in hadari ne, ba sama kashi biyu.

Na uku, a sa wani abu a gaba. Fili tsurarsa ba ya gaya wa mai kallo girmansa, kuma ba ya nuna ko ina ne. Amma in ga aduwa a gefe, ko kwalekwale a ɗaure, ko jaki, ko tsibin riɗi da aka jingine ya bushe, nan da nan ido ya sami wurin sauka. Don amfanin da muke nema, abin da ba ya gusawa ya fi: tsohuwar kuka, da giginya, da dutse, da hasumiyar masallaci. Su ne za su sa wanda ya zo bayan shekara talatin ya ce lalle nan ne.

Na huɗu, tsabta da haƙuri. Idon kyamarar waya yana kwana cikin aljihu tare da gumi da ƙura, ka goge shi da gefen riga mai laushi kafin ka ɗauka. Kada ka jawo abu da yatsa daga nesa, domin hoton yakan dushe, gwamma ka taka ka matsa kusa. Ka guji kayan kwalliyar nan na waya masu mai da sama ja, ciyawa kore shar kamar fenti, domin hoton da aka yi wa ƙarya ya daina zama shaida. In habub ta taso, ɗauki guda ɗaya tun tana nesa, ka naɗe wayar a ƙyalle.

Na biyar, shi ne ya fi duka a wurina: a riƙa komawa wuri ɗaya. Zaɓi wuri guda, misali gindin wata bishiya a bakin kogi, ka fuskanci waje ɗaya, ka ɗauka sau huɗu a shekara: da bazara kafin ruwa ya sauka, da tsakiyar damina a Agusta sa'ad da kogi ya cika, da kaka, da kuma lokacin ɗari. Ka maimaita baɗi da baɗin waccan. Hoto ɗaya abin sha'awa ne kawai, amma hoto ashirin na wuri ɗaya cikin shekara biyar za su nuna ko gaɓa tana zaizayewa, ko kurmi yana raguwa, ko ruwa ya daina kaiwa inda ya saba. Ambaliyar 2020, wadda ta wuce ta 1946 da ta 1988, mutane da yawa sun ɗauki hotonta, amma da yake ba su da hoton wuraren kafin ruwan, ba abin da za a gwada da shi.

Me za a ɗauka? Gona daga kusurwoyinta huɗu tare da alamun iyaka. Lambun ayaba da na mangwaro, da fadamar albasa da kuɓewa. Mashayar dabbobi da burtali. Wurin da masunta ke fito da giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa, da inda ake shanya su. Masussuka, da rumbu, da matmura, ramin nan na ajiye hatsi wanda yara da yawa ba su san shi ba yanzu. Ɗakin ciyawa da rakuba, tun bulo da kwano ba su gama korarsu ba. Makarantar allo da tarin itacen wutarta. Maƙabarta daga nesa, cikin ladabi. Abin da ka raina don kana ganinsa kullum, shi jikanka zai fi nema.

Sai maganar ladabi da tsaron kai, wadda ba wasa a cikinta. Kada kowa ya ɗaga waya wajen madatsar ruwa, ko gada, ko barikin soja, ko shingen bincike, ko motar masu ɗamara. Tun lokacin zaman lafiya an hana wannan, balle bayan abin da ƙasa ta shiga, inda hoto ɗaya a waya ke iya sa a zargi mutum da leƙen asiri. Iyaye su ja wa yara kunne, in kunne ya ji jiki ya tsira. Inda aka yi faɗa, kada a bar hanya a kutsa cikin ciyawa don neman wurin tsayuwa mai kyau, kuma kada a taɓa wani ƙarfen da ba a sani ba, domin akwai harsasan da ba su fashe ba. Kada a ɗauki mata a wurin ɗiban ruwa ko wanki sai da yardarsu da ta mutanen gidansu. Gonar wani da garken wani, a yi sallama a nemi izini, makiyayi musamman ba ya son baƙo ya tsaya yana ƙirga masa dabba da ido. A fara sanar da mai unguwa ko shehun ƙauye abin da ake yi da dalilinsa. Kuma ba kowane hoto ake zubawa a Facebook ba, na ajiya daban, na nunawa daban.

Ajiya ita ce rabin aikin. Hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba, ko yaushe, marayan hoto ne. A sami littafin rubutu na makaranta guda ɗaya, a riƙa rubuta kwanan wata, da sunan ƙauye, da sunan wurin yadda mutanen gari ke kiransa da Hausa, da wajen da aka fuskanta, da mai gonar. A rubuta da boko ko da ajami ko da Larabci, duk wanda hannu ya fi sabawa da shi. Sunayen nan na fadamu da tafkuna da unguwanni da kakanninmu suka raɗa ba su cikin taswirar gwamnati, in suka fita daga bakin mutane sun tafi ke nan. A duba kuma a ga kwanan watan da ke cikin wayar daidai yake.

Waya ba ma'ajiya ba ce. Tana faɗawa ruwa, tana lalacewa, ana sacewa, kuma mun ga yadda aka riƙa ƙwace ta a hanya. Ko gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Hartum bai tsira daga wawaso ba a wannan yaƙi, alhali takardu da hotunan da shirin Sudan Memory ya riga ya kwafa ya ajiye a kwamfuta kafin yaƙin suna nan ana ganinsu ta intanet. Darasin shi ne a raba ƙafa. Kowane hoto mai muhimmanci ya kasance a wuri uku: a wayar, da a katin memori da aka cire aka adana, da kuma wurin wani ɗan'uwa a wani gari, ko Gadarif, ko Bur Sudan, ko Saudiyya, ko Kano. In za a aika ta WhatsApp, a aika shi a matsayin "mustanad", domin in aka tura shi yadda aka saba, yakan rage masa kyau ya kuma share bayanin ranar da aka ɗauka. Duk shekara a zaɓi goma mafi kyau a kai birni a wanke a takarda, a rubuta bayani a bayansu da fensir, a sa a ambulan cikin akwatin ƙarfe, nesa da danshi da gara. Tsofaffin hotunan gida kuma, da dodon hoto in akwai, a shimfiɗa su a inuwa mai haske a sake ɗaukarsu da waya, a tambayi tsofaffi su wane ne a ciki tun suna raye.

Ga 'yan'uwana malaman makaranta ina da shawara. Muna koya wa yara labarin ƙasa, suna haddace tsawon Kogin Nilu da sunayen duwatsun Turai, amma ba sa iya zana hanyar da ta tashi daga ƙofar makaranta zuwa bakin kogi. Ko waya ɗaya ce a makaranta, ta malam, ta isa. A raba 'yan aji ƙungiya-ƙungiya, kowace ta zaɓi wuri ɗaya a ƙauye, a fita tare sau huɗu a shekara, yara su ɗauka da hannunsu, su rubuta bayani da Hausa da Larabci, su je wurin wani dattijo ya gaya musu yadda wurin yake a zamanin ƙuruciyarsa. A ƙarshen shekara a manna hotunan a bangon aji a gayyaci iyaye. Yaro ya koyi rubutu, ya koyi lura, ya koyi tambayar manya cikin ladabi, makaranta kuma ta sami kundin da ajin baɗi zai ɗora a kai. Ƙungiyoyin samari da kwamitocin masallatai ma za su iya riƙe irin wannan kundi, a ɗora wa mutum biyu amanarsa.

'Yan'uwa da ke zaune nesa da ƙauyukansu, ku ma kuna da aiki. Duk wanda ke da ko hoto ɗaya na garinsu a waya, ko da na biki ne wanda bangon gida ko wata bishiya ta fito a bayansa, ya adana shi, ya rubuta sunan wurin, ya tura wa 'yan garinsu. In aka haɗa na wannan da na wancan, sai a ga ƙauye ya fara fitowa.

Kaka tana tafe, riɗi zai yi tsibi a gonaki, dawa za ta sunkuyar da kai, kogi zai fara janyewa ya bar jarif. Kowa ya zaɓi yamma ɗaya bayan la'asar, ya goge idon wayarsa, ya je gonarsa ya ɗauke ta daga kusurwa huɗu, ya dawo ya rubuta rana da wata. Wanda ya yi, ya aiko mana da labari ta hannun editan wannan shafi, in Allah ya yarda za mu nemi a buga waɗanda suka fi kyau tare da sunan ƙauyen.

Allah ya ba mu damina mai albarka da kaka mai yalwa, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai wata mai zuwa in muna da rabon ganawa. Wassalam.